Babi na Uku: Yadda Marubuci Ke Dasa Tsoro da Zulumi a Zuciyar Mai Karatu

Me ya sa mutum mai cikakken hankali, yana zaune a ɗakinsa, ƙofa a kulle, fitila a kunne, zai karanta labarin da ya san ƙaga shi aka yi, amma tsigar jikinsa ta tashi har ya kasa fita tsakar gida? Me ya sa kuma wani labarin, ko an cika shi da aljanu da gawarwaki da jini, ba ya motsa ko yaro? Masu karatu sun daɗe suna wannan tambaya. Amsar tana cikin karin maganar nan da ke cewa rashin sani ya fi dare duhu. Marubucin labarin tsoro ko na bincike gwani ne na sarrafa sani: shi ke yanke abin da mai karatu zai sani, da bakin da zai ji shi, da lokacin da zai ji. Duk dabarun da ke cikin wannan babi daga wannan tushe suka tsiro.

Rassa uku, saiwa ɗaya

A 1764 wani Bature ɗan Ingila mai suna Horace Walpole ya fitar da littafin The Castle of Otranto. Da aka sake buga shi a 1765 sai ya kira shi labarin gotik, sunan da ake ba tsofaffin gine-ginen Turai masu dogayen hasumiyoyi da lunguna masu duhu. Labarin ya buɗe da faɗowar wata ƙatuwar hular ƙarfe a kan ɗan mai gidan ranar ɗaurin aurensa. Daga baya aka gane cewa kakan mai gidan ne ya ƙwace sarautar ta hanyar kisa. Tsohon gida, da tsohon laifi, da budurwa mai gudu ta hanyar ƙarƙashin ƙasa, su ne kayan aikin da marubutan gotik suka gada daga Walpole.

Daga wannan saiwa, bayan gotik ɗin kansa, wasu rassa biyu suka fito. Ɗaya ya bi abin tsoron kansa, ya zama labarin ban tsoro. Ɗayan ya bi tambayar wane ne ya yi laifin, ya zama labarin bincike. Edgar Allan Poe, ɗan Amurka da ya rayu daga 1809 zuwa 1849, ya yi aiki a duka ukun, kuma labarinsa na 1841, The Murders in the Rue Morgue, shi ake ɗauka a matsayin mafarin labarin bincike na zamani. Abin da ya haɗa rassan shi ne asirin da aka rufe. Gotik yana nuna gidan da aka binne asirin, labarin tsoro yana sa a ji motsinsa, labarin bincike kuma yana tono shi.

Fargaba da firgita

Ann Radcliffe, wadda ta wallafa The Mysteries of Udolpho a 1794, ta bambanta tsoro iri biyu a wani rubutu da aka buga a 1826 bayan rasuwarta. Na farko shi ne fargabar abin da bai riga ya bayyana ba, wadda ke farkar da hankali ta sa mutum ya kasa kunne. Na biyu shi ne firgitar ganin mummunan abu ido da ido, wadda ke daskarar da mutum. Ana iya kwatanta su da halin wanda aka ce masa akwai maciji a ɗakinsa amma ba a san inda ya shige ba, da halin wanda ya ɗaga tabarma ya gan shi. Na biyun zai yi ihu sau ɗaya ya nemi sanda. Na farkon kuwa ba zai runtsa ba har gari ya waye.

Gajeren labarin W. W. Jacobs na 1902, The Monkey's Paw, ya nuna ƙarfin fargaba ƙarara. Wani tsohon soja da ya dawo daga Indiya ya bar wa wani iyali busasshen hannun biri mai biyan buƙata uku. Maigidan ya roƙi fam 200. Washegari injin masana'anta ya markaɗe ɗansu tilo, kamfanin ya aiko musu da fam 200 cif. Bayan kwanaki da binne shi, uwar ta matsa wa mijin ya roƙi ɗan ya dawo. Cikin dare sai aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Uwar tana kokawa da sakata, uban da ya ga yadda injin ya yi wa gawar yana lalube a ƙasa yana neman hannun birin. Ya same shi, ya yi roƙo na uku, bugun ƙofa ya tsaya. Da aka buɗe, babu kowa a kan hanya. Jacobs bai nuna abin da ke bayan ƙofar ba, bai ma faɗi kalmomin roƙon ƙarshe ba. Mai karatu ne ke zana siffar da kansa, kuma kowa da abin da ya fi tsoro yake zana ta.

Gida mai rai

A labarin gotik wuri yana aiki kamar ɗaya daga cikin taurarin labarin. A The Fall of the House of Usher na 1839, Poe ya sa baƙon da ke ba da labari ya lura da wata siririyar tsaga da ta taso daga rufin gidan ta gangaro har ƙasa. Tsagar tana nuni da halin mutanen gidan, Roderick da abokiyar tagwaicinsa Madeline, waɗanda su kaɗai suka rage a zuriyarsu. A daren da suka mutu tare, tsagar ta buɗe, gidan ya rushe cikin tafkin da ke gabansa. Abin da aka nuna a shafukan farko shi ya cika a shafin ƙarshe.

Haka Charlotte Brontë ta yi a Jane Eyre na 1847. Dariyar da ake ji daga bene na uku a gidan Thornfield tana zuwa ne daga ɗakin da mai gidan ya kulle matarsa ta fari. Tsarin ginin ya yi daidai da tsarin rayuwarsa: falo mai kyau a ƙasa domin baƙi, abin kunya a sama bayan ƙofa.

Aiki na biyu da wuri ke yi shi ne datse hanyar gudu. Idan tauraron labari zai iya tashi ya koma gidansu, tsoro ya ƙare. Shi ya sa Agatha Christie ta tara mutum goma a wani tsibiri a And Then There Were None na 1939, ta hana jirgin ruwa dawowa, sannan ta fara ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Stephen King ma a The Shining na 1977 ya ajiye iyali guda a wani otal a kan duwatsun Colorado, dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Da zarar an tabbatar babu mai shiga babu mai fita, sai zato ya koma kan waɗanda ke ciki.

Daga bakin wa aka ji?

Labarin da ya wuce hankali yana buƙatar shaida. Walpole ya fara da ikirarin cewa littafinsa fassarar wani tsohon kundi ne da aka buga a birnin Naples na Italiya a 1529. Mary Shelley ta naɗe Frankenstein na 1818 ninki uku: wani matuƙin jirgin ruwa yana rubuta wa 'yar'uwarsa wasiƙu, a cikinsu Victor Frankenstein yana ba da tarihinsa, a cikin tarihin kuma halittar da ya haɗa tana faɗin nata ƙorafin. Kowane ninki yana tsaya wa na cikinsa shaida.

Bram Stoker ya kai wannan dabara ƙololuwa a Dracula na 1897. Babu mai ba da labari ɗaya a littafin. An harhaɗa shi ne daga wasiƙu, da littattafan ajiyar sirri na yau da kullum, da yankan jaridu, da wayar tangaraho, da maganar da wani likita ya naɗa a na'ura. Mafi tayar da hankali shi ne kundin jirgin ruwan Demeter, inda kyaftin ke rubuta ɓacewar ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, bai san abin da ke cikin akwatunan ƙasar da ya ɗauko ba. Mai karatu ya sani, domin ya riga ya ga akwatunan a rubutun Jonathan Harker, ɗaya daga cikin taurarin littafin. Wannan tazara tsakanin sanin mai karatu da rashin sanin mai rubutu ita ke haifar da zulumi. Dracula kansa ba a ba shi damar rubuta ko babi ɗaya ba, don haka ba a taɓa sabawa da shi.

Akwai kuma mai ba da labarin da ba a yarda da shi. A The Tell-Tale Heart na 1843, mutumin da ke magana ya dage cewa lafiyarsa ƙalau, hujjarsa kuwa ita ce natsuwar da ya yi wajen kashe wani tsoho saboda ya tsani idonsa. Duk rantsuwar da ya ƙara, haukarsa take ƙara fitowa. A ƙarshe, gaban 'yan sanda uku da ba su zarge shi da komai ba, ya ji kamar zuciyar mamacin tana bugawa a ƙarƙashin katakon ɗaki, ya tona kansa. Mai karatu ya kwana a cikin kan mai kisa, kuma babu ƙofar fita daga nan sai labarin ya ƙare.

Aljani ne ko mutum?

Idan aka ji motsi a kango da tsakar dare, tambayar farko ita ce ko mutum ne ko mutanen ɓoye. Masanin adabi Tzvetan Todorov ya nuna a 1970 cewa ƙarfin irin waɗannan labarai yana cikin wannan kokwanto, kuma marubuci yana da hanyoyi uku na fita daga cikinsa.

Hanya ta farko ita ce a bayyana cewa babu wani aljani. Radcliffe ta shahara da wannan. Tauraruwarta Emily ta ɗaga wani baƙin mayafi a gidan Udolpho, ta ga abin da ke bayansa ta suma, amma ba a gaya wa mai karatu abin da ta gani ba sai dab da ƙarshen littafin, inda aka ce mutum-mutumin kakin zuma ne mai siffar ruɓaɓɓiyar gawa. Arthur Conan Doyle ya bi wannan hanya a The Hound of the Baskervilles, wanda ya fito a matsayin littafi a 1902. Karen da ake cewa la'anar zuriya ce ashe kare ne na gaske, wani mai kwaɗayin gado ya shafa masa sinadari mai ƙyalli a duhu.

Hanya ta biyu ita ce a tabbatar da abin, kamar yadda Stoker ya yi. Ta uku, wadda ta fi wuyar yi, ita ce a ƙi yanke hukunci. A The Turn of the Screw na 1898, Henry James ya kawo wata mai rainon yara biyu da ke ganin fatalwar wasu tsofaffin ma'aikatan gidan. Babu wani da ya tabbatar ya gan su tare da ita. Idan fatalwar gaskiya ce, ita jaruma ce mai kare yara. Idan kuwa daga kanta suke fitowa, ita ce haɗarin da ke gidan. Yaron ya mutu a hannunta, kuma har yau masu nazari ba su daidaita a kan amsa ɗaya ba.

Na gida ya koma baƙo

Dodon da ke cikin daji yana da iyaka, domin ana iya ƙin shiga dajin. Abin da ya fi razana mutum shi ne sanannen abu da ya ɗan sauya: muryar uwa tana fitowa daga bakin da ba nata ba, ko maƙwabci yana murmushi a inda ya kamata ya yi kuka. Sigmund Freud ya yi rubutu kan wannan yanayi a 1919, kuma kalmar Jamusancin da ya yi amfani da ita tushenta ɗaya da kalmar gida.

Robert Louis Stevenson ya gina labarin Dakta Jekyll da Mista Hyde na 1886 a kan haka. Masu karatun farko ba su san cewa mutum ɗaya ne ba. Sun bi wani lauya mai suna Utterson yana neman dalilin da ya sa abokinsa likita mai mutunci ke kare wani mugu, sai a babi biyu na ƙarshe takardu suka nuna cewa mugun a jikin likitan yake. Shirley Jackson ta yi abin da ya fi wannan sanyi a The Lottery na 1948. Safiya ce mai haske a wani ƙauyen Amurka, yara suna tara duwatsu, manya suna hira suna jiran a ja ƙuri'ar shekara. Sai a shafin ƙarshe ake gane cewa wanda ƙuri'a ta faɗa wa jifansa ake yi har ya mutu, kuma danginsa suna cikin masu jifan. Duwatsun suna nan tun sakin layi na biyu, amma an ɗauke su wasan yara.

Ruwa ba ya tsami banza

Labarin gano mai kisa ya girmi Poe. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai labarin tuffa uku, inda masunci ya janyo akwati daga kogin Dijla ɗauke da gawar wata mata, Halifa Haruna Rashid ya ba wazirinsa Ja'afaru kwana uku ya kawo mai laifin. Amma Ja'afaru bai bi sawu ba. Mai laifin ne ya kawo kansa, sauran asirin kuma katari ne ya tona shi. Abin da Poe ya ƙara shi ne alama da hujja: mai bincike yana isa ga gaskiya da tunani, daga abubuwan da aka baje a gaban kowa.

A Rue Morgue an kashe uwa da 'yarta a ɗakin da aka kulle ta ciki a birnin Paris, ba a ɗauki kuɗin da ke wurin ba. Shaidu 'yan ƙasashe daban-daban sun ji wata murya, kowannensu ya ce yaren wata ƙasa ce da shi bai iya ba. Mai binciken labarin, Dupin, ya gane cewa muryar da babu wanda ya tsinci kalma ɗaya a cikinta ba ta mutum ba ce. Goggon biri ne da ya kuɓuce wa wani ma'aikacin jirgin ruwa.

Gwanaye suna ɓoye alama ta hanyoyi sanannu. Wani lokaci alamar abin da bai faru ba ce: a labarin Doyle mai suna Silver Blaze na 1892, mai bincike Sherlock Holmes ya lura cewa karen barga bai yi haushi ba daren da aka fitar da dokin tsere, alamar cewa ya san wanda ya shigo. Wani lokaci ana rufe ta da abin da ya yi kama da shirme: a labarin Baskerville an sace wa magajin gidan sabon takalmi ƙafa ɗaya, aka dawo da shi, aka ɗauke tsoho, domin kare yana buƙatar abin da ke ɗauke da warin jikin mutum. Sannan akwai sawun ƙarya, wanda ake shimfiɗawa don a kau da hankali. A wannan littafin dai, baran gida da ke ɗaga kyandir a taga da dare ya ja zargin kowa, ashe yana yi wa ƙanin matarsa, fursunan da ya gudu, alamar abinci ne.

Sharaɗin wasan shi ne adalci. A 1929 Ronald Knox, limamin Katolika kuma marubuci, ya jera ƙa'idoji goma. Cikinsu akwai cewa dole a ambaci mai laifin tun farkon labari, kada a warware matsala da sihiri, kuma kada mai bincike ya ɓoye alamar da ya samu. Christie ta taka har bakin iyakar adalci a The Murder of Roger Ackroyd na 1926, inda likitan da ke ba da labarin, mai taimaka wa mai bincike Poirot, shi ne mai kisan. Bai faɗi ƙarya kan abin da ya aikata a daren ba, tsallake mintuna goma kawai ya yi. Wanda ya koma ya sake karantawa zai ga gurbin yana nan a fili.

Jan rai da warware ƙulli

Sanin abin da za a ɓoye rabin aiki ne, sauran rabin sanin inda za a tsaya. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya ta tsira da ranta saboda asuba kan riske ta a tsakiyar labari. Aku a Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya hana Musa ɗan sarki fita da dare ta hanyar riƙe shi da labari. Marubutan Ingila sun mai da wannan sana'a saboda a da littattafansu da yawa kashi-kashi suke fitowa a mujallu. The Woman in White na Wilkie Collins ya fito mako-mako daga 1859 zuwa 1860 a mujallar Charles Dickens, kuma dole kowane kashi ya ƙare a inda mai saye zai dawo.

Jan rai yana shiga har cikin jimla. Gwani kan tsawaita bayani lokacin da tauraro ke tunkarar ƙofa, ya ƙirga matakan bene, ya ambaci ƙarar sakata, sannan ya gajarta jimloli idan abin ya auku. Yakan kuma bar sarari na natsuwa tsakanin tashin hankali biyu, domin wanda aka yi ta firgitawa ba hutu yakan saba ya daina ji. Poe ya shawarci marubuta a 1846 su fara sanin ƙarshen labari kafin su ɗora alƙalami, kuma su sa duk abin da ke cikinsa ya yi wa tasiri guda hidima.

A wurin rufewa ne rassan uku suke rabuwa. Labarin bincike yana tara jama'a, ya jera alamu, ya nuna mai laifi, ya tabbatar wa mai karatu cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Labarin gotik yakan rushe gidan ko ya ƙone shi, domin tsohon laifi ba ya wankuwa sai da asara. Labarin tsoro kuwa yakan bar wata tambaya ba amsa, ta bi mai karatu har shimfiɗarsa. A duka ukun, ƙarshe mai kyau shi ne wanda ya zo ba zato, amma idan aka waiwaya sai a ga tun farko aka shuka shi.

Waɗannan dabaru ba sa aiki sai an ɗora su a kan mutanen da mai karatu ya damu da makomarsu. Babi na gaba zai duba yadda ake gina waɗannan mutane: mugu, da wanda aka zalunta, da mai bincike, daga Dupin zuwa Holmes da Poirot.